Kafasita Shida a Bayan Kati

Wani mai gyaran kwamfuta ne ya fara ganowa. An dawo masa da sabon katin hoto, mai shi yana ƙorafin cewa da zarar aiki ya yi nauyi sai allo ya yi baƙi ƙirin, komai ya tsaya. Ya kwance murfin baya, ya kanga fitila, ya daɗe yana kallo. Sai ya kira maƙwabcinsa, maƙwabcin ya kira wani. Kafin rana ta take, duk layin masu kwamfuta ya ji cewa katin da kamfanin su Manaja ya fitar ba shi ne wanda aka nuna wa jama'a ranar talla ba.

Katin hoto shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a allon kwamfuta. Masu zanen gine-gine da masu haɗa fim da 'yan wasan gem ne suka fi sayensa, kuma su ne yanzu suka cika ƙofar kamfanin, kowa da kwali a hammata. Wani mai zanen gini ya zauna a kan matakala ya ƙi tashi, ya ce aikin da ya kusa miƙawa ya lalace a hannunsa, sai an faɗa masa wanda zai kama.

Kamfanin ba babba ba ne. Mahaifinsu ya fara shi da gyaran rediyo, ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu: Manaja, wanda ke riƙe da ofis, da ƙanwarsa Auta, injiniyar da ta zana katin. Wannan ne karo na farko da suka ƙera abu suka sa masa tambarin gidansu.

Manaja ya ɗauko katin gwaji da ke cikin gilashi a ofishinsa, ya ajiye shi kusa da wanda aka dawo da shi. A bayan ƙwaƙwalwar kowane kati akwai gurbi shida na kafasita, 'yan abubuwan da ke daidaita wuta. A katin gwaji, gurbi huɗu na ɗauke da manya baƙaƙe, biyu kuma cike da ƙanana kamar ƙwayar ridi. A wanda aka sayar, duka shidan manya ne. Aka buɗe wani, haka. Aka buɗe wani, haka.

Aka ruga sito. Kwalayen ƙananan kafasita, waɗanda aka sha wuya kafin a samo su, babu ko ɗaya. Makullin sito kuwa mutum ɗaya ke riƙe da shi tun zamanin marigayi, wato Baba Sito. Ma'aikata suka fara kallon juna, suna magana ƙasa-ƙasa. Kafin a tashi daga aiki an riga an yanke masa hukunci a baki.

* * *

Kawunsu, ƙanen mahaifiyarsu, tsohon ɗan sandan bincike ne. Abokan aikinsa Mai Sawu suke ce masa, don ba ya gudu, ba ya ɗaga murya, bin abu kawai yake yi har ya ga inda ya kwana. Tun da ya ajiye aiki ya koma kiwon tattabaru a bayan gida. Manaja ya aika masa mota.

Ya tarar da mutum biyu a ofis: Manaja, idanunsa sun yi ja, da mijin Auta, wanda shi ne shugaban sashen talla, mutum mai fara'a da iya karɓar baƙo. Shi ya ja wa Kawu kujera, shi ya zuba masa ruwa.

“Kawu, ba na son 'yan sanda su shigo tukuna,” in ji Manaja. “So nake ku sa dattijon nan ya faɗi inda ya kai kayan. In ya fito da su, a rufe maganar.”

“To ai ka gama binciken. Me ka kira ni in yi, in tafa maka?”

“Makulli a hannunsa yake, Kawu.”

“Na ji. Auta ta sani?”

Mijin Auta ya girgiza kai. “Ba mu faɗa mata ba. Kun san da tiyata ta haihu, har yanzu jininta hawa yake. Likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali. Wayarta ma na karɓe, don kada ta ga abin da ake rubutawa.”

“Ka kyauta,” in ji Kawu. Ya ɗauki katin da aka dawo da shi, ya juya shi. “Lokacin da aka buga waɗannan tana ina?”

“Tana asibiti. Ta gama gwaji ta miƙa aiki, ciwo ya kama ta.”

Kawu ya zura katin a aljihun rigarsa. “Ni abin da na sani game da wuta shi ne in an ɗauke ta a yi zafi. Amma zan tambaya.”

* * *

Baba Sito na zaune a ƙofar ɗakinsa, ga katifa a jingine da bango, ga akwatuna a buɗe. Ba a mayar da komai wurinsa ba tun da aka zo aka bincike gidan.

“Na bar su haka ne don duk wanda ya zo ya gani,” ya ce bayan sun gaisa. “Shi Manaja da kansa ya tsaya a nan, inda kake tsaye, ana zazzage kayan matata a gaban jikokina. Yaron da nake ɗauka a wuya in kai shi makaranta.”

“Kwalayen fa, Malam?”

“Na kai su ɗakin inji da hannuna, ranar da za a fara aiki. Na ajiye wa Dogo, mai kula da inji, a gefen teburinsa.”

“Wa ya gan ka?”

“Allah. Sai Dogo, in ya ga dama ya tuna.”

“An ce ɗanka ya buɗe shagon gyaran waya.”

Dattijon ya yi murmushin da ba na daɗi ba. “An faɗa maka har da wannan. Je ka duba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.”

Kawu ya je. Shagon bai fi tebur da laima ba, a bakin tasha. Ɗan Baba Sito ya juye masa gwangwanin kayan gyara a kan jarida. Tarkace ne da aka ciro daga matattun wayoyi, duk da tabon dalma a jikinsu. Babu sabo ko ɗaya.

Daga nan ya bi layin masu sayar da kayan lantarki, yana nuna hoton ƙananan kafasita, yana yi kamar mai saye. Kowa dariya yake masa.

“Baba, wannan ai ta fi ruwa a sahara wuya,” in ji wani mai shago. “Duniya duka nemanta ake. Da wani ya shigo da ita layin nan, da kafin ya sauke kwali mun yayyage shi. Kamfanin nan na bayan tasha ma sun daɗe a tsaye saboda ita, sai kwanan nan muka ga sun fitar da nasu katin. Ko ina suka samo, oho.”

“Nasu ba ya ɗaukewa?”

“Ko gezau.”

Kawu ya gode masa, ya sayi batirin tocila don kada ya tafi hannu rabbana.

* * *

Ɗakin inji dogo ne, mai sanyi, yana warin dalma. Inji uku ne a jere: ɗaya na shafa dalma, ɗaya na ɗora kaya a kan allon kati, ɗaya na gasawa. Duk a kashe suke. Dogo, mai kula da su, yana goge abin da ba ya buƙatar guga.

“Baba Sito ya ce ya kawo maka kwalaye,” in ji Kawu.

“Kwalaye da yawa ake kawo min, Yallaɓai.”

“Na ƙananan nake tambaya.”

“Ni dai abin da aka ba ni nake lodawa. Inji ba ya tambaya, ni ma ba na tambaya.”

“Ba ka lura duk manya kake ɗorawa ba?”

Dogo ya ci gaba da guga. “Aiki ya yi yawa lokacin. Ana ta matsa mana a fitar da kaya.”

“Ka san dattijon nan kurkuku zai je?”

Hannun Dogo ya tsaya, sannan ya ci gaba. Bai ɗago ba.

Kawu ya bar shi. Ya ga mutane irinsa da yawa a zamanin aikinsa. Ɓarawo yakan yi surutu, ya rantse, ya kawo shaidu tun ba a nema ba. Wannan kuwa kamar wanda aka ɗora wa kayan wani ne aka ce kada ya sauke.

A bakin ƙofa ya haɗu da mijin Auta yana lallashin wasu dillalai. Ya bar su ya taho.

“Kawu, an dace?”

“Da saura. Zan leƙa in ga jikana.”

“Ai da kun bari na dawo mu je tare. Don Allah dai kada maganar nan ta fita a gabanta.”

“Haba. Ni da jariri zan yi hira.”

* * *

Auta na zaune a falo, ta rame, jaririn na barci a cinyarta. Ta yi murna da ganinsa. Kawu ya ɗauki yaron, ya ce ya ɗebo hancin gidansu, Allah ya sa kada ya ɗebo taurin kan. Da suka gama dariya ya mayar mata da shi, ya zaro katin daga aljihu ya ajiye a kan tebur, bayansa a sama.

Kallo ɗaya ta yi masa fuskarta ta canza.

“Wannan daga ina?”

“Daga kasuwa. Duk wanda aka sayar haka yake.”

Ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta saurara, hannunta ɗaya a kan bayan jaririn. Da ya zo kan binciken gidan Baba Sito sai ta rufe ido.

“Yi min bayani kamar ɗan aji ɗaya,” in ji Kawu. “Babba ba ta fi ƙarama ba?”

“Ba a nan ba. Ƙwaƙwalwar katin nan ba a hankali take shan wuta ba, fizga take yi. Babbar kafasita kamar tanki ce, tana da ajiya amma kafin ta buɗe an daɗe. Ƙananan kamar kofuna ne a hannu, kana miƙa hannu ka sha. In aiki ya yi nauyi aka fizgi wuta babu ƙananan, sai katin ya shaƙe ya faɗi. Shi ya sa na haɗa su.” Ta ɗaga katin kusa da idonta. “Amma Kawu, wa ya ce aikin Baba Sito ne?”

“Kowa.”

“Ba zai yiwu ba. Ko ya kwashe sito duka, ba zai iya wannan ba. Kafin a ɗora komai sai an shafa dalma ta cikin wani farantin ƙarfe mai huji-huji. Kowane huji daidai da ƙafar abin da za a ɗora. Farantin da na sa aka yanka, gurbi biyunsa hujin ƙanana ne. Babba ba za ta zauna a kai da kyau haka ba. Dubi dalmar nan, tsaf. Wani faranti aka yanka daban.”

“Wa zai iya zana shi?”

“Ba sai an zana ba.” Muryarta ta yi ƙasa. “Tsari biyu na yi tun farko. Na gwada mai manya shida, na ga yana faɗuwa, na ajiye shi. Yana nan cikin kwamfutata.”

“Wa kuma ke da shi?”

“Babu. Ko Yaya ban ba shi ba.”

Jaririn ya motsa, ta jijjiga shi.

“Kawu, ba ni ba ce.”

“Ban ce ke ce ba. Amma ina son abu biyu. Kada ki faɗa wa kowa mun yi wannan magana.”

“Har baban yaron nan?”

“Har inuwarki. Na biyu, in na aiko mota ki zo kamfani. Duk abin da kika ji na faɗa a can, ki daure ki yi shiru har in gama.”

* * *

Washegari da safe Kawu ya koma ɗakin inji, ya rufe ƙofa. A bango akwai farantin ƙarfe a rataye cikin firam. Ya sauke shi, ya ɗaga shi saitin taga. Haske ya ratso ta hujojin, ga na ƙanana nan a gurbi biyu, jere kamar haƙoran mataji. Farantin fes yake, ko ƙwarzane babu.

“Wannan bai yi aikin da ya cika kasuwa ba,” ya ce. “Ina ɗan'uwansa?”

Dogo ya zauna a kan kwali.

“An ce in jefar,” ya ce daga ƙarshe. “Na kasa. Ƙarfe ne mai kyau.”

Ya zura hannu bayan injin gashi, ya jawo wani faranti naɗe da buhu. Wannan ya sha aiki, duk ya dushe. Gurbi shida, duka na manya.

“Yallaɓai, Injiniya ce ta koya min aikin nan. Ina sharar tsakar kamfani ta jawo ni ta sa ni gaban inji. An kawo min farantin aka ce ita ta aiko, ta canza tsari. Da abu ya ɓaci aka ce min kuskure ta yi saboda laulayi, in na yi magana an gama da ita, za a ƙwace mata takardar aiki. Na zaɓi in yi shiru. Kullum in na tuna Baba Sito abinci ba ya wuce min.”

“Wa ya kawo maka?”

“Na ɗauki alkawari, Yallaɓai.”

Kawu bai matsa ba, don idonsa ya riga ya sauka a gefen farantin. Masu yankan irinsa sukan zana tambarin shagonsu a kusurwa, da ranar da aka ba su aiki. Ya goge wurin da babban yatsa, ya karanta. Ya sake karantawa. Ya san ranar nan. Duk danginsu sun san ta.

Sannan ya naɗe farantin cikin buhunsa, ya tafi shagon mai yankan ƙarfe. Mutumin bai ɓoye komai ba, har wayarsa ya nuna wa Kawu. Ya ce saƙo ne ya shigo masa daga adireshin Injiniya, da safe, aka ce aikin gaggawa ne, wani zai zo ya karɓa. Ya kwatanta wanda ya zo.

Kawu bai hau mota ba da ya fito. Da ƙafa ya koma, a hankali, buhun a hammata.

* * *

Ya tara su a ɗakin inji da yamma: Manaja, Dogo, Baba Sito da ya zo da ƙyar ya tsaya can bakin ƙofa, sai mijin Auta. Da Auta ta shigo tana takawa a hankali, mijin ya miƙe da sauri.

“Wa ya fito da ke? Kawu, ai mun yi magana.”

“Ni na aika. Zauna.”

Kawu ya jera faranti biyun a kan tebur, ya maimaita bayanin da aka yi masa, a taƙaice. Ya ce mai makullin sito zai iya satar kwali, amma ba zai iya huda ƙarfe ba. Ya ce Baba Sito ya kai kayan ɗakin inji kamar yadda ya faɗa. Dogo ya gyaɗa kai, kansa a ƙasa.

“To wa ya sa aka yanka wannan?” in ji Manaja.

“Zanen a kwamfuta ɗaya yake a duniya. Saƙon da aka tura wa mai yanka, da safe ya fita, daga adireshin mai kwamfutar.” Kawu ya juya ya kalli 'yar yayarsa. “Auta, sawun ya tsaya a ƙofarki.”

Manaja ya juya ya kalli ƙanwarsa. Auta ta riƙe gefen kujera.

Kawu ya juya wurin mijinta. “Kai ne mafi kusa da ita. In akwai abin da ka sani wanda zai wanke ta, yanzu ne lokacinsa. In babu, gobe sai hukuma, don mutane sun yi asara.”

Mijin ya sunkuyar da kai, ya murza hannuwansa. Da ya ɗago, muryarsa a tausashe take.

“Ban so a kai ga haka ba. Watannin ƙarshen nan ba ta cikin hayyacinta sosai. Mantuwa, gajiya. Takan tura abu ta manta ta tura.” Ya matsa kusa da ita. “Ki amsa kawai, kowa na kuskure. Za a duba halin da kike ciki. Ina bayanki.”

Auta ta ɗago ta kalle shi. Ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai take, kamar mai ƙoƙarin tuna inda ta san fuskar.

“Na ba ka ƙofa,” in ji Kawu. “Na buɗe ta har bango, ka ƙi shiga.” Ya tura farantin da ya dushe gaban Manaja, ya sa yatsa a kusurwa. “Karanta ranar nan da ƙarfi.”

Manaja ya karanta. Ya tsaya. “Ranar da aka haifi yaron ce.”

“Ranar da aka shiga da ita tiyata tun da safe, ba ta san inda kanta yake ba sai la'asar. Wanda ke kwance an yanka cikinsa ba ya tura saƙo. Ina asibitin ranar. Na tarar da mutum a kan benci, jakarta a gefensa, kwamfutarta a buɗe a cinyarsa. Ya ce min 'yan'uwa yake sanar wa. Har na dafa kafaɗarsa na ce Allah ya yi masa albarka.” Kawu ya numfasa. “Mai yanka ya kwatanta min wanda ya karɓi farantin. Dogo, alkawarin da ka ɗauka don ka kare ta ne. Ka ga yadda aka kare ta. Kwalayen fa?”

“A motarsa ya zuba su,” in ji Dogo. “Ya ce za a mayar wa masu su, tunda an fasa amfani da su.”

“Kuma kamfanin bayan tasha, da suka rasa ko ƙwaya ɗaya, sai ga katinsu a kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari.”

Mijin Auta ya kalli ƙofa, Baba Sito na tsaye a wurin. Ya koma ya zauna. Fara'ar nan da aka san shi da ita ta zube, abin da ya rage fuskar mutum ce mai gajiya da haushi.

“Ban yi zaton za su faɗi ba,” ya ce. “Ke da bakinki kika ce min mai manya shida ma yana tashi.”

“Na ce yana tashi,” in ji Auta. “Ban ce yana tsayawa ba. A kan gadonmu na faɗa maka, ina nuna maka don na ɗauka kana jin daɗin aikina.”

“Me suka ba ka?” in ji Manaja.

“Kujera. Tawa ta kaina.” Ya ɗago. “Shekara nawa ina tallata kayan gidan nan? Wa ya kawo dillalan da ke waje? Amma ku tambayi mai gadi, ku tambayi mai shara, waye ni? Mijin Auta. Ko a taro haka ake gabatar da ni.”

“Sai ka ce ka gaji, ka tafi,” in ji Kawu. “Ƙofa ba a kulle take ba. Ka zaɓi ka tura dattijo kurkuku, da hakan bai yiwu ba ka miƙa uwar ɗanka.”

Manaja ya ɗauki waya ya kira 'yan sandan da ya ce ba ya so su shigo.

* * *

Bayan an tafi da shi, Manaja ya ciro makullin siton da ya karɓe a hannun Baba Sito daga aljihu. Ya je har bakin ƙofa, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu.

“Baba, ka yafe min.”

Dattijon ya kalli makullin, bai karɓa ba.

“Na yafe maka, don ubanka. Amma riƙe abinka. Shi wancan baƙo ne, jiya ya zo, bai san ni ba. Kai ka san ni. Ko tambayata ba ka yi ba kafin ka buɗe akwatin matata.” Ya juya wurin Auta. “Allah ya raya yaro, 'yata. Ki kula da jikinki.”

Ya sa takalmansa ya fita. Manaja ya daɗe a durƙushe.

Auta ta tashi da ƙyar, ta je wurin tarin katunan da aka dawo da su, sun kusa kai rufi. Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi. Ta ce wa Dogo za a iya ceto su: a cire biyu-biyu daga kowanne, a sa ƙanana, in an samo. Kafin nan a rage musu gudu don su daina faɗuwa, a kuma faɗa wa kowane mai saye gaskiya, har da mai zanen ginin da ke kan matakala. Ta ce aiki ne na watanni, kuma ba ta san ko kamfanin zai kai ba. Dogo ya ce ko ba albashi zai yi. Ta ce masa ba shirunsa take buƙata ba daga yau, bakinsa take buƙata.

Kawu ya raka ta, suka shiga mota tare. Sun fita daga layin, sun wuce tasha. Sai da suka kusa gida ta ce, ba tare da ta juyo ba:

“Kawu, ka ga saƙon da idonka?”

“Na gani.”

“Da safe ka ce. An riga an faɗa masa na tsira, ko tukuna?”

Kawu ya so ya yi mata ƙarya. Ya duba fuskarta ya ga ba za ta karɓa ba.

“Tukuna. Likitoci ba su fito ba.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Motar ta tsaya a ƙofar gida, ana jin kukan jaririn daga ciki. Ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta buɗe ƙofa, ta ce wa direba gobe ya zo da wuri, akwai aiki.